Hannun da Ya Yi Sanyi

A gidanmu ba a gaisawa da baki kawai. Tun da Yaya ya rasu, duk na gida da ya shigo sai Umma ta kamo hannunsa, ta juya tafin, ta ɗan matsa yatsun, sannan ta saki ta amsa gaisuwar. Ko sayen zare na fita na dawo sai an yi mini. In ta ji ɗumi, shi ke nan. In kuwa aka yi rashin sa'a alwala na yi, to na shiga uku, don zaunar da ni za ta yi ta tsare ni da ido har hannun ya dawo daidai. Dangi suka ce abin zai wuce. Bai wuce ba, mu ne dai muka saba.

To a wannan gidan ne ni, autar Umma, na rasa wanda zan so duk faɗin duniya sai mutumin da ya taɓa ce mata sanyin hannu ba komai ba ne.

Yaya gyaran wutar lantarki yake yi. Ranar da abin ya faru tsani ne ya zame da shi, ya faɗo ta gefen hagu a kan tarin bulo. Da ƙafarsa ya tashi, ya kakkaɓe wando yana dariya, Umma ce ta matsa sai da aka je asibiti. Sun tarar an kawo mutanen haɗarin mota, jini faca-faca, kowa na ihu. Wani sabon likita, saurayi, ya zo a gurguje ya ɗaura wa Yaya abin awon jini, ya ce daidai yake, su zauna a benci a gama da masu zubar jini tukuna.

Umma ta ce masa hannun yaron nan ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Ya ce, "Mama, jininsa daidai yake. Tsorata ce kawai."

Suka zauna. Yaya na murza kafaɗarsa ta hagu, yana hamma, yana neman ruwa, yana tsokanar Umma wai ta cika tsoro. Can ya jingina kansa a kafaɗarta kamar mai gyangyaɗi, ita kuma ta ƙi motsi don kada ta tashe shi. Ashe saifarsa ce ta fashe, tun daga gida jini ke zuba a cikin cikinsa.

Ni na je asibitin daga baya, kuma ba gaisuwa ta kai ni ba. Na sami Likita, saurayin nan da ya auna Yaya, a barandar bayan ɗakin marasa lafiya na wanke shi tas, babu kalar zagin da ban yi masa ba. Bai kare kansa ba, bai kira masu gadi ba, ya tsaya kansa a ƙasa har na gaji na fashe da kuka. Bayan kwanaki na sake komawa, wai ban gama ba. Kada a tambaye ni yadda zagi ya rikiɗe ya zama so, ni ma wallahi ban ga lokacin da ya juya ba.

Abin da ya hana ni barci tambaya ɗaya ce, ita na yi ta kai masa: ta yaya mutum zai kasance yana mutuwa, awo kuma ya ce lafiyarsa ƙalau? Ranar da ya amsa mini, yatsa ya ɗora a gefen wuyansa.

"A nan, da kuma saman zuciya, akwai wasu ƙananan jijiyoyi da aikinsu gadi ne. Suna jin ƙarfin jinin da ke wucewa. Da ya fara raguwa sai su kai ƙara wurin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika umarni: zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jinin fata da hannu da ƙafa su tsuke, a tattara ɗan abin da ya rage a kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa hannu ke sanyi, gumi ya keto, ƙishirwa ta taso. Awo kuma ya nuna daidai, saboda jikin yana rufa wa kansa asiri."

Ni tela ce, don haka na gane. In yadi ya gaza, hannun riga ake ragewa don jikin rigar ya fita.

Na tambaye shi har yaushe jiki zai yi ta rufawa. Ya ce har ƙarfinsa ya ƙare, kuma saurayi ƙaƙƙarfa irin Yaya ya fi kowa daɗewa yana rufawa, shi ya sa in ya tashi faɗuwa ba ya sallama. Sai muryarsa ta karye.

"Na karanta duk wannan, Auta. Na ci jarrabawa a kansa. Amma ranar na'ura na yarda da ita, na ƙi yarda da hannun uwa."

Tun daga wannan rana ya zama likitan da ake yi wa dariya a asibitinsu, wai shi sai ya riƙe hannun mara lafiya kafin ya taɓa kowane ƙarfe. Ya ce mini kuma har yau in ya zo wucewa ta gaban bencin nan sai ya kawar da kai, don yana ganin mutum a zaune.

Ban yi masa musu ba, domin ni ma ina da nawa. Da tsakar rana, in na ɗaga ƙafa daga keken ɗinki gidan ya yi tsit, nakan ji muryar Yaya daga wajen ƙofa, a hankali, kamar mai jin kunyar damun mutane: Auta, ɗan ba ni ruwa. Kofinsa na silba yana nan a kan kanta, Umma ta hana kowa sha da shi. Tsaninsa ma yana jingine a bayan ɗaki, ba mai iya ɗaukewa.

Da maganar aurena da Likita ta fito fili, gida ya kama da wuta. Baffa, ƙanen mahaifinmu marigayi, shi ne mai ba da aurena, ya kira ni ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce ga Mai Magani nan, aminin Yaya tun suna yara, mai shagonsa na sayar da magani, mai hankali, ya daɗe yana sona, me ya kai ni tsallake shi in je in ɗauko wa uwata ciwon zuciya?

Ba zan yi wa Mai Magani sharri ba. Shi ya ɗauki makarar Yaya, shi ke zuwa duk mako da abin awonsa ya duba hawan jinin Umma. Sai dai mutum ne da in ya yi maka alheri sai ya tabbatar ka gani, kuma in ya zauna a falonmu zama yake yi irin na wanda an riga an ba shi.

Umma kuwa ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Shigowa ta yi shagona na cikin gida ta zauna a kan tarin yaduka, ta kama hannuna kamar kullum, amma ba ta saki ba.

"Auta, ni na riƙe shi. Ina ji yana hucewa a hannuna kamar shayin da aka manta da shi, na faɗa, aka ce mini tsorata ce. Yanzu kina so kullum in buɗe ido in ga bakin da ya faɗi haka yana cin abinci a gidana?"

Na durƙusa ina kuka. Na ce mata shi ma bai warke ba, na ce mata kuskure ne ba mugunta ba, kuma kwanan Yaya ne ya ƙare.

"Na san kwanansa ne ya ƙare, ba sai kin koya mini tauhidi ba. Na yafe wa Likita tsakaninsa da Allah. Amma idona ba zai iya ba, Auta. In kin aure shi kin yi aure da albarkar Baffanki, ni dai ki ɗauka kin rufe ni tare da yayanki."

Ta tashi ta fita. Na kwana biyu ko allura ban iya zura wa zare ba.

Abin ya ja watanni. Na rame, na zama masifaffiya, masu kawo ɗinki suka fara guduna. Daga ƙarshe Baffa ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya lallashi Umma ta yarda Likita ya zo sau ɗaya tak, ya ji amsarsa daga bakinta, kowa ya huta. Ta ce to, amma in ya saɓa lokaci ko ya aiko da uzuri, maganar ta mutu har abada. Ni na san a'a za ta ce. Shi kuwa Likita murna ya kama yi kamar yaro, wai ai ƙofar da aka buɗe ko yaya take ta fi bango.

Na ɗinka masa riga fara don wannan rana.

Da ranar ta zo, tun da hantsi kowa ya hallara, har da Mai Magani, wai ya zo awon Umma ne bai san da taro ba. Lokaci ya yi babu Likita. Baffa ya fara duba agogo yana gyaran murya. Ni ina leƙen ƙofa, sai ga shi yana turo babur da hannu.

Hannun rigar na hagu ya yage tun daga kafaɗa. Na tare shi a bakin ƙofa, ya ce wata mota ce ta matse shi a kwana ya faɗi, kan babur ɗin ya ɗan doke shi a ƙasan haƙarƙari, ba wani abu ba ne. Na ce ya juya asibiti yanzun nan. Ya yi murmushi ya ce ai asibitin ne ya zo da kansa, kuma in ya juya me zan gaya wa Umma? Na duba ban ga jini ko ɗigo a jikinsa ba. Zuciyata ta so ta yarda, sai na bar ta ta yarda.

Ya shiga ya zauna a ƙasa kan darduma. Baffa na kan kujera, Mai Magani na gefe da jakarsa a cinya, Umma ta ba su rabin baya tana kallon bango. Ni ina bayan labulen ɗaki, ina gani ta tsaga.

Ya yi magana mai kyau. Bai nemi a ce ba shi da laifi ba. Ya ce ya san abin da ya ɗauke daga gidan nan ba zai iya mayarwa ba, roƙonsa kawai a bar shi ya yi wa Umma hidimar da ɗa ke yi wa uwa iyakar ransa. Yana maganar gumi na tsattsafo masa a goshi, na ce a raina tsoron Baffa ne. Sai ya kai hannu ya murza kafaɗarsa ta hagu.

Can kuma, a tsakiyar nasihar Baffa, ya yi hamma.

Baffa ya tsaya cak, ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaya ko maganar manya ce ta gundure shi. Likita ya ba da haƙuri, ya ce in ba damuwa a ɗan taimaka masa da ruwa. Yadda ya faɗe ta, a hankali, kamar mai jin kunyar damun mutane, sai na ji gashin jikina ya miƙe.

Baffa ya ƙwala mini kira. Na fita na ɗebo ruwa, sai da na durƙusa na miƙa masa na ga abin da na ɗauko: kofin Yaya ne. Ya shanye a tashi ɗaya, ya ce ko akwai ƙari. Leɓensa ya yi fari. Duk abin da ya koya mini a barandar nan ya dawo mini daki-daki, na buɗe baki, amma ga Baffa, ga Umma, ga kunya ta hana ni. Na koma na ƙaro ruwan kamar wata sakarya.

Ina dawowa na tarar Mai Magani ya zuge jakarsa. Wai ya ga Likita na ta gumi, kada a je jininsa ne ya hau a gidan mutane, bari ya duba shi. Likita ya so ya ƙi, Baffa ya ce a auna mana. Aka ɗaura, abin ya kumbura ya saki. Mai Magani ya duba, ya yi wani ɗan murmushi, ya ɗaga murya yadda Umma za ta ji.

"Jininsa daidai yake. Tsorata ce kawai."

Da gangan ya faɗa, don ya tuna mata ko wane ne a zaune a falonta. Ya kuwa tuna mata, amma ba yadda ya so ba.

Umma ta juyo a hankali, karo na farko, ta dubi Likita. Ta dubi gumin, ta dubi hannun da ke kan kafaɗa, ta dubi kofin da ke hannuna. Fuskarta ta koma irin ta ranar da aka shigo da gawar Yaya. Ta miƙe, ta karɓe kofin ta ajiye can nesa da shi, ta durƙusa a gabansa ta kamo hannunsa.

Baffa ya ce, "Hajiya, mene ne haka?" Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya tafin, ta matsa yatsun, ta sa nata yatsun a wuyan hannunsa inda jini ke harbawa.

"Tun yaushe?"

"Tun a hanya, Umma."

"Ka san ko mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Ka sani, ka zo ka zauna kana mini wa'azi?"

"Na ji tsoro ne in na juya ba za ki sake bari in shigo ba."

Umma ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ba kuka ba ne ba kuma ihu ba.

"Kai ma a kafaɗata kake so ka mutu? Wallahi ba ka isa ba."

Daga nan gidan ya hargitse. Ta daka wa Mai Magani tsawa ya kawo motarsa, ya fita a guje har abin awon na faɗuwa daga cinyarsa. Likita ya yunƙura zai miƙe da kansa, yana tashi idanunsa suka juye, ƙafafun suka lanƙwashe, Baffa ne ya tare shi. Asirin da jikinsa ke rufawa tun a hanya ya fara tonuwa. Aka kwantar da shi a kujerar baya, yana faɗa da ƙyar a ɗaga masa ƙafafu, na cusa matasan falo a ƙarƙashinsu. Umma ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi.

Duk hanyar nan ba ta saki hannunsa ba. Duk sanda ya lumshe ido sai ta girgiza shi, ta ce ba a barci a nan, ya buɗe ido ya gaya mata sunan unguwarsu, sunan uwarsa, komai ma. Ya ce uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Ya sake neman ruwa, ta ce ba zai sha ba. Mai Magani na tuƙi yana danna oda, hawaye na bin fuskarsa, yana ta maimaita cewa shi bai sani ba, wallahi bai sani ba.

A ƙofar asibiti ma'aikatan suka gane nasu, suka rugo da gadon turawa. Wata nas ta jawo abin awo, Umma ta ture shi da gwiwar hannu ta ce su taɓa hannunsa su ji. Nas ɗin ta taɓa, fuskarta ta canza, ta ƙwala wa sauran kira. Likita ya motsa baki, na ji ya ce saifa. Kafin ka ce kwabo an maƙala masa ƙarin ruwa a hannu biyu, ana gudu da shi ana kiran a kawo jini.

A bakin ɗakin tiyata aka tare mu. Babbar nas ta ce daga nan sai dangi, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya wa yake da shi a cikinmu.

Ni ba ni da bakin magana, ba a ba shi ni ba. Baffa ya dubi ƙasa.

Umma ta ce, "Ni ce uwarsa."

Aka bar ta ta raka shi har ƙofar ciki, sannan aka ɓamɓare yatsunta daga nasa aka rufe.

Wurin zama ɗaya ne a wannan barandar, kuma duk mun san shi. Umma ta tsaya ta daɗe tana kallon bencin, sannan ta zauna a daidai inda ta taɓa zama, ta bar gefen hagunta babu kowa. Na zauna ta dama. Asibitin ya yi irin shirun tsakar ranar nan na gidanmu, na kasa kunne ina jiran muryar da ke neman ruwa. Ban ji ta ba, kuma ban san ko in yi murna ko in ji tsoro ba.

Umma ta lalubo hannuna ta juya tafin kamar kullum. Nata ya fi nawa sanyi. Idonta na kan ƙofar tiyata, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"In ya fito, ki gyara masa hannun rigar nan. Ba zai shigo mini gida da yagaggiyar riga ba."

Na kifa kai a cinyarta ina kuka. Ina nan a haka na ji yatsunta sun damƙe nawa da ƙarfi, na ɗago. Ƙofar ta buɗe, babban likita ya fito yana sauke ƙyallen bakinsa, yana waige-waige yana neman uwar mara lafiya.